Furotin a cikin kayan gyaran gashi: wane aiki yake yi?

Gabatarwa

Duk wanda ya bi layin masu sayar da kayan shafe-shafe a babbar kasuwar Yamai, ko ta Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, zai tarar da kwalabe da robobin gyaran gashi iri-iri, waɗansu daga Najeriya da Kodebuwa, waɗansu daga Faransa, Amurka ko Sin. A jikin da yawa daga cikinsu an rubuta magana biyu da manyan baƙaƙe: ta farko tana cewa kayan “na halitta” ne, ta biyu kuma tana cewa akwai furotin a ciki, na alkama, ko na shinkafa, ko na alharini, ko keratin. Mai saye takan ɗauka cewa wannan furotin abinci ne da gashi zai ci ya yi tsawo, kuma bisa wannan fahimta take ba da kuɗinta.

A cikin wannan ƴar takarda muna so mu duba abin da bincike ya nuna game da aikin da furotin yake iya yi a jikin gashi. Matsayinmu shi ne: furotin na kwalba faci ne. Yana da amfani ga gashin da ya riga ya ci rauni, in har an sarrafa shi yadda zai kama silin gashi. Amma ba ya sa gashi tsiro, kuma gashin mutanenmu wanda sinadari bai taɓa ba, bai rasa furotin ba tun farko.

1. Da me aka gina gashi?

Furotin shi ne kashi 65 zuwa 95 bisa 100 na nauyin gashi, gwargwadon danshin da ke cikinsa. Sauran ruwa ne, da maiƙo, da ƙwayoyin launi. Furotin ɗin gashi shi ake kira keratin, daga kalmar Girkanci mai nufin ƙaho. Da shi ne kuma aka gina ƙaho, da kofato, da akaifa, da gashin tumaki.

Kowane furotin kamar carbi yake: ƙwayoyi ne aka jera a zare ɗaya, ana ce da su amino asid, kuma iri 20 ne. Daga cikinsu akwai wanda ya fi muhimmanci ga gashi, watau sistin, mai ɗauke da farar wuta. Shi ne yake ƙulla wannan zare da wancan, kamar yadda igiya take ɗaure karan dangi su zama shinge. Wajen kashi 5 bisa 100 na nauyin gashi farar wuta ce, kuma ita ke ba da ƙaurin nan da kowa ya sani ran Layya in ana babbakar kan rago.

In an yanka silin gashi an duba shi da madubin ƙara girma, za a ga ɓawo a waje da tsoka a ciki. Ɓawon saɓa-saɓa ne masu hawa kan juna kamar jinkar ɗaki, hawa biyar zuwa goma, bakinsu yana fuskantar tsinin gashi. Tsokar ciki ita ke riƙe da ƙarfi da launi.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, wuri ɗaya kaɗai ke da rai: saiwar da ke binne cikin fatar kai, inda jini yake kai abinci. Da zarar gashi ya fito waje, matacce ne. Ba jini a cikinsa, ba ya ci, ba ya warkewa. A shekara ta 2001 wata mai bincike a Faransa, Geneviève Loussouarn, ta auna tsiron gashin matasa ƴan asalin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, ta samu wajen milimeta 0,26 a rana, alhali na Turawa ya kusa 0,40. Ke nan gashinmu bai cika santimeta ɗaya a wata ba. Macen da gashinta ya kai santimeta 20, tsininsa ya wuce shekara biyu a duniya: ya sha hunturu biyu, da rana, da sabulu, da mataji, da hannun makitsiya, ba tare da jiki ya iya gyara masa kome ba. A nan ne maganar faci take shigowa.

2. Gashinmu bai rasa furotin ba

Akwai ra'ayin da ya yaɗu cewa gashin baƙar fata yana karyewa sabo da an halicce shi da ƙarancin furotin. Bincike bai goyi bayan wannan ba. A 2003 Franbourg da abokan aikinsa sun kwatanta gashin Afirka, da na Asiya, da na Turai, ba su ga bambanci a tsarin furotin ɗinsu ba. Bambancin yana ga siffa. A 2005 kuma likitar fata Nonhlanhla Khumalo, ta Jami'ar Kef Tawun a Afirka ta Kudu, ta nuna cewa furotin mai farar wuta yana nan a gashin Baafirke kamar yadda yake a na sauran mutane.

To me ke karya shi? Silin gashinmu ba zagayayye ba ne, faffaɗa ne kamar ɗan kirtani, kuma yana murɗewa yana nannaɗewa. Kowace murɗiya wuri ne mai rauni. Siloli suna sarƙewa da juna, wani ma ya ƙulle kansa. A wani bincike na shekara ta 2000, Khumalo da abokanta sun tattara gashin da ya fita lokacin tajewa, suka samu ƙulli a kashi 10 zuwa 16 bisa 100 na silolin ƴan Afirka, a na sauran mutane kuwa 0,15 kacal. Ban da haka, maiƙon da fatar kai take fitarwa yana wuyar gangarowa kan gashi mai nannaɗe har ya kai tsini. Mataji ya zo ya ci karo da ƙulli a busasshen gashi, sai ya tsinka. Macen da take cewa gashinta “ya tsaya” shekara da shekaru, sau da yawa yana tsirowa ne daga ƙasa yana karyewa daga sama, ɗaya yana cinye ɗaya.

Abin da yake rage wa gashi furotin da gaske hannun mutum ne. Na gaba duka shi ne man miƙar da gashi. Mai ƙarfinsa da soda ake yi, wani kuma da guwanidin, duka biyun masu kaifi ne ƙwarai: a ma'aunin pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14, suna wajen 12 zuwa sama. Aikinsu shi ne su kumbura gashi, su shiga ciki, su tsinka ƙullin farar wuta, kuma abin da suka tsinka ba ya komawa yadda yake. A 2010 Khumalo ta auna amino asid na gashin da aka miƙar, ta ga sistin ya ragu har ya kai matsayin da ake gani ga masu wata cutar gado mai sa gashi ya riƙa karyewa da kansa. Bayan man miƙarwa sai ruwan kashe launi, da ƙarfen zafi, da hasken rana mai tsanani. Sabulun wanki da sabulun toka, waɗanda mata da yawa suke wanke kai da su a ƙauye da birni, su ma suna da ɗan kaifin nan. Ba sa tsinka ƙulli kamar soda, amma suna ɗaga saɓar ɓawo, gashi ya yi kaushi.

Irin wannan gashi, mai ɓawo a zaizaye da ramuka a jiki, shi ne furotin na kwalba yake da abin yi a kansa.

3. Maganar girma

Ba kowane furotin ke iya kama gashi ba, kuma babban abin da ke rarrabewa shi ne girma. Ana auna nauyin ƙwayar furotin da wani ma'auni mai suna dalton. Ƙwayar ruwa dalton 18 ce. Amino asid guda ɗaya ya ɗan wuce 100. Babban furotin ɗin farin ƙwai kuwa wajen 45 000 ne. Keratin na gashin tumaki, in an bar shi yadda yake, ko narkewa ba ya yi cikin ruwa.

Dan haka masana'antu suke gutsuttsura furotin kafin su sa shi a kwalba. Suna dafa shi da asid, ko da sinadari mai kaifi, ko su sa masa irin abin da ke narka nama a cikin hanji, har dogon carbi ya tsintsinke ya zama gajeru. Wannan aiki shi ake nufi in an ga kalmar hydrolyzed, ko hydrolysée da Faransanci, kusa da sunan furotin a jikin kwalba.

Binciken da ya fi dacewa da batunmu an wallafa shi a 2021. Malinauskyte da abokan aikinta na wata cibiyar binciken gashi a Firinston, Amurka, sun ɗauki gashi mai nannaɗe wanda aka miƙar da sinadari, suka jiƙa shi da keratin mai girma uku: ƙarami mai dalton 221, matsakaici mai wajen 2 600, da babba mai wajen 75 000. Ƙaramin da matsakaicin sun shiga can cikin tsokar gashi. Babban ya tsaya a waje ya lulluɓe ɓawo. Abin lura shi ne, da aka gwada ƙarfin silolin, matsakaicin da babban ne suka rage karyewa, a busasshiyar iska da mai danshi duka. Ƙaramin, duk da shigarsa ciki, bai yi wannan aiki ba. Shiga ciki kaɗai ke nan ba ta isa ba. Sai dai mu faɗa cewa da hannun wani kamfani mai sayar da irin waɗannan sinadarai a cikin binciken, kamar yadda aka saba a wannan fanni, kuma siloli ne aka gwada a ɗakin bincike, ba kan mace mai zuwa rijiya da daka ba.

Bayan girma akwai maganar mannewa. Gashin da ya ci rauni yana ɗauke da cajin lantarki na ragi, dan haka yana jawo duk abin da ke da cajin ƙari. Masana'antu sukan liƙa wa gutsattsarin furotin wani kai mai cajin ƙari dan kada ruwan ɗauraya ya tafi da su. Sunaye masu ƙarewa da “monium” a jerin sinadarai suna nuna haka. Duk da wannan dabara, mannewar ba ta dindindin ba ce. Furotin ɗin ba ya zama ɓangaren gashi, wanki kaɗan sai ya fita, a sake sawa. Tsinin da ya tsage biyu yana iya haɗuwa na ɗan lokaci. Maganinsa na gaskiya almakashi ne.

Mata da dama suna kukan cewa bayan sun yi amfani da mai furotin gashinsu ya yi tauri kamar kara. Ba ƙarya suke yi ba. Binciken da muka ambata ya nuna cewa taurin silin yana ƙaruwa, kuma ga gashin da soda ta mayar kamar danƙo wannan tauri alheri ne. Ga gashin da ba a taɓa miƙarwa ba, wanda ɓawonsa lafiya lau, ƙarin tauri ba shi ne abin da yake bukata ba, balle a watannin hunturu, lokacin da danshin iska a Tawa ko Damagaram yake sauka ƙasa da kashi 20 bisa 100. Ya kamata a tuna cewa yawancin kayan nan an haɗa su ne dan mutanen da ke zaune cikin iska mai danshi. A ganinmu, mai gashin da ba a miƙar ba, ba a rina ba, ba ta yi asarar kome ba in ta wuce kwalbar furotin ta sayi mai.

Wadda gashinta ya sha sinadari, ita kuma ta juya kwalba ta karanta bayanta. A ƙa'idar Tarayyar Turai, wadda ƙasashe da yawa suke bi, ana jera sinadarai ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, waɗanda ba su kai kashi 1 bisa 100 ba kuwa a sa su a ƙarshe yadda aka ga dama. In sunan furotin ya zo can bayan turare, to wanda ke cikin kwalbar bai kai girman rubutun da ke gabanta ba, kuma laushin da ake ji mai da sauran abubuwan sulɓi ne suka kawo shi.

4. Ƙwai, nono, yoɗo da sauran kayan gida

Daga abin da ya gabata za a gane matsayin ƙwai da kindirmo da ake kwaɓawa a shafa a kai. Furotin ɗinsu ba a gutsuttsura shi ba, ba a kuma yi masa abin mannewa ba. Yana bushewa a kan gashi, ruwa ya zo ya tafi da mafi yawansa. Laushin da ake samu daga gwaiduwa da maiƙon nono yake zuwa. Wadda ta ɗauraye da ruwan zafi kuma, farin ƙwai yana fara daskarewa daga wajen digiri 60, sai ta wuni tana tsince shi. Ruwan shinkafa da ake yayi yanzu yawancinsa sitaci ne.

Kayan da iyayenmu mata suka daɗe suna amfani da su ba ta hanyar furotin suke aiki ba, kuma wannan bai rage musu daraja ba. Yoɗo, wanda waɗansu ke ce wa karkashi, yauƙinsa yana sa siloli su zame wa juna lokacin tsifa da tajewa, ke nan yana maganin ƙullin da muka ce shi ne tushen karyewa. Man shanu, da man kaɗe, da man gujiya suna rufe ɓawo, su rage gogayya. Shebe na matan Cadi, garin ƴaƴan wani itace da ake soyawa a haɗa da kanumfari da mai, ana shafa shi a tsawon gashi a kitse a bari kwanaki. Mu dai muna ganin man da barin gashi ya huta su ne sirrinsa. Lalle daban yake: launinsa ƙaramar ƙwaya ce mai dalton 174, wadda take ɗaurewa da keratin ɗauri na gaske, shi ya sa ba ya wankuwa sai gashi ya tsiro an yanke.

Mai ma yana iya tsare furotin ɗin da gashi yake da shi. A 2003 Rele da Mohile, a Indiya, sun gwada man kwakwa, da man furen rana, da man da ake tacewa daga fetur. Man kwakwa kaɗai ya rage zubar furotin lokacin wanki, sabo da ƙwayoyinsa ƙanana ne miƙaƙƙu, suna shiga cikin sili su hana shi yawan kumbura da ruwa. Su ma ma'aikatan kamfanin man kwakwa ne.

Akwai kuma asarar da ba mai ko furotin da zai tare ta, watau ta kitso mai tsauri. A wata unguwa ta Kef Tawun, binciken 2007 ya samu zubar gashin goshi irin ta ja ga kusan kashi 32 bisa 100 na mata, kuma abin ya fi muni in an ja gashin da aka miƙar. Raunin a saiwa yake, in ya daɗe gashin ba ya sake fitowa.

5. “Na halitta” da abin da ke bayansa

Keratin na kwalba daga gashin tumaki, da gashin kaji, da ƙaho da kofato ake samo shi. Kolajin daga fatar shanu, ko ta kifi, ko ta alade. Jerin sinadarai ba kullum yake faɗin wace dabba ba ce, wanda abin ya dama sai ya nemi wanda aka bayyana asalinsa. “Keratin na tsiro” kuwa suna ne na talla: ba tsiron da ke yin keratin, haɗi ne na amino asid daga alkama, masara da waken soja. Yau har daga ƴaƴan kuka da na zogala ana fitar da furotin dan kayan gashi, itatuwan da ke tsakar gidajenmu. Amma kafin su kai kwalba sun bi ta masana'anta kamar sauran.

Fitowa daga tsiro ba ta hana cutarwa. A Japan, wani sabulun fuska mai suna Cha no Shizuku, wanda aka sa wa furotin ɗin alkama mai manyan gutsattsari, ya sa mutum fiye da 2 000 sun kamu da rashin jituwa da alkama. Furotin ɗin ya shiga ta fata da ido, jiki ya ɗauke shi maƙiyi, daga baya in sun ci burodi ko taliya sai kumburi da sarƙewar numfashi. An janye sabulun a 2011. A 2014 kwamitin masana da ke duba sinadaran kwalliya a Amurka ya ce furotin ɗin alkama ba shi da haɗari in matsakaicin nauyinsa bai wuce dalton 3 500 ba. Wanda ya san jikinsa ba ya jituwa da alkama, ko mai ƙuraje da rauni a fatar kai, gara ya kauce masa.

Haɗarin da ya fi wannan yana tattare da abin da ake kira miƙar da gashi irin ta Birazil, wadda ake tallata da sunan keratin. Ba keratin ke miƙar da gashin ba. A irin na farko formol ne, wanda yake tashi ya zama hayaƙi in an bi da ƙarfe mai zafin wajen digiri 230. Cibiyar binciken kansa ta duniya da ke Liyon ta sa formol cikin abubuwan da ke jawo kansa ga mutum tun 2004, kuma a 2011 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta gargaɗi masu gidajen gyaran gashi, dan su ne ke shaƙarsa kullum. Waɗansu kamfanoni sun koma ga asid giliyoksilik. A 2024 likitocin Faransa sun ba da labarin wata mata da ƙodarta ta samu rauni sau uku, kowane karo bayan an yi mata wannan gyara, kuma a Oktoban shekarar hukumar ANSES ta ƙasar ta shawarci mutane su daina amfani da kayan da ke ɗauke da shi.

6. Furotin ɗin da yake kai ga saiwa

Ƙwayoyin saiwar gashi suna cikin masu saurin rarrabuwa a jikin mutum, kuma daga jini suke samun amino asid ɗinsu. In abinci ya gaza, jiki yakan fara janye wa gashi rabonsa. A 1933 likita Cicely Williams ta bayyana wata cutar yara a Akara, wadda a 1935 ta kira da sunan da mutanen Ga suke ba ta, kwashiyoko. Yau an san ba ƙarancin furotin kaɗai ke kawo ta ba, amma alamunta a gashi sanannu ne ga ma'aikatan gidajen likitarmu: gashi ya yi ja-ja, ya yi laushi, nannaɗewarsa ta saki, ya riƙa fita da ɗan ja kaɗan. Yaron da aka ga haka a kansa, musamman in ƙafafunsa sun kumbura, a kai shi gidan likita ba da jinkiri ba.

Wake, wanda Nijar take cikin manyan masu nomansa a duniya, kusan kashi ɗaya bisa huɗu na nauyinsa furotin ne. Ƙuli-ƙuli ya fi haka. Ga nono, da ƙwai, da fara, da ganyen zogala. Wanda yake samun isasshe daga cikinsu, ƙari ba zai sa gashinsa ya yi sauri ba. Mai jego kuma da ta ga gashinta yana zuba wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa, wannan canjin sinadaran jiki ne, yakan tsaya da kansa cikin watanni. In ya zarce shekara, ko ya zo da kasala da jiri, sai a auna mata jini.